Kwabo ba ya huda kai, guduma ke hudawa: hular kwano, igiya ko raga, wanne mai gini zai fara saya?

Akwai wani zance da ya daɗe yana yawo a Amurka. Wai idan mutum ya hau saman Empire State, dogon benen nan na birnin New York, ya saki kwabo ɗaya, kafin ya iso ƙasa ya zama harsashi: in ya sami mai wucewa ya huda masa ƙoƙon kai, in ya sami daɓen titi ya nutse a ciki. An gama benen a 1931, hawa 102 ne, kuma daga ƙasa zuwa rufinsa mita 381. Duk wanda ya ji wannan tsayi zai ga kamar zancen da ƙamshin gaskiya.

Ƙanena ne ya zo min da shi wata ranar Juma'a da yamma. Yana kula da aikin wani bene mai hawa uku, kuɗin da mai ginin ya ware don tsaron ma'aikata kuwa bai taka kara ya karya ba. Ya ce, "Yaya, in sai daga irin wancan tsayi abu ke kisa, mu da namu bai fi mita goma ba ai da sauƙi ko? In sayo huluna kaɗan kawai a rufe bakin injiniya?" Na ce masa ya yi kuskure biyu a numfashi ɗaya. Kwabon can ba ya kisa, mita goman nan nasa kuma tana yi.

Bari mu fara sallamar kwabon. Kwabon Amurka, irin wanda aka fara bugawa a 1982, nauyinsa gram 2.5 ne, faɗinsa milimita 19. Da babu iska a duniya, da ya iso ƙasa daga saman Empire State da gudun kilomita 310 a awa. A inda babu iska komai tare yake faɗuwa, mai nauyi da marar nauyi. Ɗan sama-jannatin nan David Scott ya nuna haka a duniyar wata a 1971, ya saki guduma da gashin tsuntsu suka taɓa ƙasa lokaci guda. Amma mu cikin iska muke. Duk abin da ke faɗowa sai ya ture iskar da ke gabansa, kuma gwargwadon gudunsa gwargwadon turjiyar da take yi masa, har a kai matsayin da turjiyar ta yi daidai da nauyinsa. Daga nan gudu ya tsaya cak, ko saura mita ɗari ko saura dubu. Kwabo falle ne marar nauyi, yana juyi yana kaɗawa kamar ganyen da ya baro reshe, don haka da wuri yake kaiwa iyakarsa. Louis Bloomfield, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Virginia, ya kiyasta iyakar da kusan kilomita 40 a awa, kuma ya ce cikin mita 15 na farko kwabon ke kai ta. Ya ma gwada a jikinsa: ya tura kwabbai sama da balan-balan aka sako masa su, suka yi ta dukansa bai ji ciwo ba. Wasu gwaje-gwajen sun sami gudun da ya ɗara haka, har wajen ninki biyu, amma ba wanda ya kusa fasa ƙashi. Digon ruwan sama ma daga gajimare yake tahowa, kilomita da yawa, ya sauka da gudun da bai fi kilomita 30 da 'yan kai a awa ba, shi ya sa muke shiga ruwa mu fito lafiya.

To ga inda nake so a tsaya a duba da kyau. Guduma mai kilo 1 da ta suɓuce daga mita 10 tana isowa ƙasa da gudun kilomita 50 a awa. Wato ita da kwabon Empire State kusan gudunsu ɗaya. Bambancin shi ne ta ninka shi nauyi sau 400, kuma a wannan ɗan tsayi iska ba ta rage mata komai ba. Masana na auna ƙarfin bugu da ma'aunin da suke kira jul, kuma ga abu mai nauyi a dunƙule lissafin bai fi ƙarfin kowa ba: nauyi a kilo, sau tsayi a mita, sau 10. Kwabon can, da duk tsayin benensa, bai kai jul 1 ba. Gudumar nan jul 100 take ɗauke da shi. Bulo mai kilo 20 da ya zame daga hawa ɗaya tak, mita 3, jul 600. Sannan faɗowa daga mita 10 ba ta cika daƙiƙa ɗaya da rabi ba. Kafin na sama ya gama cewa "kai, a kauce!" an riga an gama.

Da wannan lissafi a hannu za a iya auna abubuwa huɗu da mai gini zai iya kashe kuɗi a kansu: hular kwano, ɗaure kayan aiki da igiya, katakon gefe da raga, da kuma killace ƙasa a hana mutane tsayawa a gindin masu aiki.

Hular kwano ita kowa ke fara tunawa, domin ita ake gani a hoto, ita kuma mai duba aiki ke tambaya. Tana da tarihi mai kyau. Edward Bullard ya fito da irinta ta farko a Amurka a 1919, kuma a aikin gadar Golden Gate da ke San Francisco, daga 1933 zuwa 1937, babban injiniya Joseph Strauss ya wajabta ta ga ma'aikata. Amma mutane kaɗan ne suka san iyakar abin da aka yi ta ta ɗauka. A ƙa'idar Turai, wadda za ka ga lambarta EN 397 a jikin hula ta gaske, ana sako mata ƙarfe mai kilo 5 daga mita 1 a auna abin da ya ratsa zuwa kai. Jul 50 ke nan. Don gwada huda kuma ana sako mai tsini, kilo 3, shi ma daga mita 1, wato jul 30. Ƙa'idar Amurka, ANSI Z89.1, ba ta yi nisa da haka ba. Ma'ana, abin da aka tabbatar hula za ta ɗauka shi ne kwatankwacin gudumar nan daga mita 5, ƙasa da hawa biyu. Daga hawa na uku gudumar ta ninka gwajin. Bulo daga hawa ɗaya ya ninka shi sau 12, kuma ko hular ba ta fashe ba, wuya ne zai karɓi nauyin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne guntun rodi. Rodi mai milimita 12, kowace mita ɗaya tasa ta kusa gram 900. Ba ya kaɗawa kamar kwabo, in ya miƙe da tsini ƙasa kamar mashi yake zuwa, duk ƙarfinsa ya taru a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba. Mita ɗaya ta irin wannan rodi daga hawa na uku ta ninka gwajin huda sau uku. Shi kansa Bloomfield ya yi gargaɗin cewa biro na ƙarfe, in ya faɗo a miƙe daga dogon bene, ya fi kwabo haɗari nesa ba kusa ba. Siffa da nauyi su ne magana.

Wannan ba ya nufin hula ba ta da amfani. Yawancin abin da ke zubowa a wurin gini ƙanana ne: tsakuwa, ƙusa, noti, ɓaraguzan siminti, guntun katako. Waɗannan hula ke tarewa, kuma su ne a kullum ke fasa goshi su tura mutum ɗinki. Tana kuma tsare kai daga karo da bakin rodi ko ƙarfen da ya fito a ƙarƙashin dekin. Ita kaɗai ce a cikin huɗun take bin mutum duk inda ya sa ƙafa. Sai dai ba ta san kafaɗa ba, ba ta san baya ko ƙafa ba, ba ta kuma san yaron da ya zo wucewa ko mai tallar abinci da ta shigo da tire ba.

Idan za a saya, a saya ta gaske. A kasuwa akwai masu kama da ita da ba su da komai sai launi. Juya ta ka duba ciki. Aikin ba na kwanon kaɗai ba ne, na maɗauran nan ne da ke riƙe kai su bar tazara tsakaninsa da roba. Su ke miƙewa su shanye bugun. Hular da maɗauranta suka tsinke aka ɗora ta kai tsaye a ka, ko wadda aka cusa waya da kuɗi a cikin tazarar, ta rasa rabin amfaninta. A ƙarƙashin bakinta akwai lambar ƙa'ida da watan da aka yi ta. Rana na cin roba, mu kuma rana ba ta yi mana rowa, don haka duk hular da ta koɗe, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata alli, ko ka matsa gefenta ka ji tana ƙara, ta gama aiki. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ita ma a ajiye ta ko ba a ga tsaga ba. Akwai wata ƙarama mai kama da hular hana-sallah da roba a ciki, lambarta EN 812. Jul 12 kawai ake gwada ta da shi, ta makanike ce da ke shiga ƙarƙashin mota, ba ta gindin bene ba. Hular babur kuwa an yi ta ne don kan da zai bugi kwalta, ga zafi ga toshe kunne, ba mai iya yini da ita yana aiki.

Akwai kuma matsalar da littattafan Turawa ba su san da ita ba. Ranar zuba dekin na tsaya ina kallon lebura wajen ashirin suna hawa da sauka a kan katako, kowa da gammo da kwanon sarki cike da kankare, zufa da ruwan siminti na bin wuyansu. An raba musu huluna da safe, kafin hantsi duk suna jibge a gindin tulin yashi. Na tambayi wani dattijo a cikinsu, ya sauke kwanonsa ya ce, "Yallaɓai, kai ɗaya Allah Ya ba ni. In na sa hula, ina zan ɗora kwanon?" Gaskiyarsa. A ranar da kaya suka fi yawo a sama, mutanen da suka fi kusa da haɗari su ne waɗanda ba za su iya sa hular ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa wanda ya dogara da ita ita kaɗai ya bar baya da ƙura.

Ɗaure kayan aiki ya bi ta wata hanya dabam: maimakon a jira abu ya faɗo a tare shi, a hana shi faɗowa. A watan Nuwamba na 2014, a Jersey City da ke tsallaken kogi daga New York, tef ɗin awo ya suɓuce daga ƙugun wani ma'aikaci a wajen hawa na 50. Nauyinsa bai kai rabin kilo ba. Ya bugi wani ƙarfe kusa da ƙasa, ya karkata, ya sami wani mutum mai shekara 58 da ya kawo kayan gini, ya rasu. Ba ya sanye da hula a lokacin, amma in ka yi lissafin nan namu za ka ga bugun ya wuce abin da ake gwada hula da shi sau da yawa. Igiya mai tsawon kamu biyu da ta tsare wannan rai. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa a 2018 Amurka ta fitar da ƙa'ida ta musamman a kan maɗauran kayan aiki, ANSI/ISEA 121.

A wurinmu ba sai an jira na kanti ba. Igiyar nailan mai ƙwari da ƙulli mai kyau sun isa ga guduma, sifana, tef, kurfi da cokalin birkila. Igiya na da arha ƙwarai in aka auna da abin da take tsarewa. Tana da sharuɗɗa: igiyar ta zama gajera, don doguwa na harɗe ƙafa, abin da ya wuce kilo 2 a ɗaure shi a jikin ginin, kada a ɗaura a hannu ko ƙugun mutum, don in ya tafi zai iya fizgar mai shi su tafi tare, kada kuma a bar igiya tana reto kusa da injin da ke juyawa. Raunin ta a fili yake. Ba a ɗaure bulo, ba a ɗaure tsakuwa, ba a ɗaure guntun rodin da aka yanke aka ajiye a gefe. Kuma tana buƙatar hali. Kafintan da ya shekara ashirin yana soke guduma a bayan wando sai an yi ta fama kafin ya saba, in mai kula da aiki ya kau da kai kwana biyu an koma gidan jiya.

Abin da igiya ta bari, katakon gefe ke kamawa. Falle ne na katako da ake kafawa a tsaye a bakin dandamalin da magina ke tsayawa da bakin dekin, don abin da aka shura da ƙafa ko ya gangaro ya tsaya a nan. A Ingila ana son tsayinsa ya kai santimita 15, a Amurka mafi ƙaranci wajen santimita 9. A ganina wannan shi ne abin da aka fi rainawa alhali ya fi kowanne biyan kuɗinsa. Katakon na nan a wurin, ragowar na dekin ne. Aikin kafinta ne na rabin yini. Da zarar an kafa shi ba ya mantuwa, ba ya jin zafi ya cire kansa, ba ruwansa da ko wane ne a ƙasa. Mafi yawan abin da na gani ya faɗo a wurin gini ba daga hannu ya fito ba, daga ƙasan dandamali aka ture shi ba a sani ba.

Raga kuwa iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Akwai koriyar nan mai ƙananan idanu da ake lulluɓe gini da ita. Tana tare ƙura, tsakuwa da ɓaraguzai, amma bulo zai yaga ta ya wuce. Akwai kuma mai kauri da ake shimfiɗawa a kwance don ta cafe abu mai nauyi ko mutum. Irin wannan ce Strauss ya shimfiɗa a ƙarƙashin Golden Gate, ta ceci mutum 19. Amma a watan Fabrairu na 1937 wani dandamali ya ɓalle ya faɗa cikinta, nauyin ya fi ƙarfinta ta yage, mutum 10 suka mutu. Raga ita ce mafi tsada a huɗun, tana son wanda ya iya ɗaure ta, rana na cinye zarenta, iskar farkon damina kuma na mayar da ita tamkar filafilan jirgin ruwa ta jijjiga abin da aka ɗaura ta a kai, musamman in na gora ne. Ga bene mai hawa biyu ko uku a cikin fili mai katanga, ban ga dalilin fara zuba kuɗi a kanta ba. Amma in ginin na bakin titi ne, ko jikin kasuwa, ko ya leƙa tsakar gidan maƙwabta inda mata ke girki yara na wasa, lissafi ya juya. A nan ba ka da ikon korar mutane, ba ka da ikon sa musu hula, saboda haka raga da rumfar katako mai ƙwari a kan hanyar wucewa sun zama wajibi, ko da za a jinkirta wani abu a cikin aikin.

Na huɗun ba a sayensa, shi ya sa ba a ɗaukarsa a bakin komai. Igiya ce ko tsofaffin durom a zagaye gindin inda ake aiki a sama, da doka ɗaya: ba mai tsayawa a nan. Wurin kwaɓa siminti, randar ruwan sha, inuwar da ake cin abinci da wurin sallah duk a matsar da su nesa da bango. Na sha ganin masu aiki sun shimfiɗa buhun siminti a inuwar ginin suna hutawa, birkila na jera bulo a saman kansu, don nan ce kaɗai inuwa. In ka kafa musu 'yar rumfa can gefe, ka magance abin ba tare da faɗa ba. A bar tazara mai faɗi, domin abin da ya faɗo ba lallai ya sauka a miƙe ba. Tef ɗin Jersey City karo ya yi ya canza hanya. A kuma tsara aiki yadda ba za a sa wani a ƙasa daidai lokacin da ake cire katakon dekin a sama ba. Inda ake jawo kaya da guga, mai ɗaurawa ya ja baya kafin a fara ja. Wahalarsa ɗaya, yana son mutum tsayayye da zai riƙa maimaitawa kullum, har da ranar da ake sauri.

Ga yadda na jera wa ƙanena. A ranar farko, kafin a kashe ko sisi, a killace ƙasa a matsar da wurin hutu. A makon nan kafinta ya zagaye kowane dandamali da bakin dekin da katakon gefe, a kuma sayo igiya a ɗaure kayan duk mai aiki a sama. Sannan kuɗin da aka ware ya tafi ga huluna na gaske, ko da ba su kai yawan da na bogi za su kai ba, a fara da masu aiki a ƙasa kusa da bango da mai karɓar kaya a gindin guga, a ajiye biyu a bakin ƙofa don direban da ya kawo kaya da mai ginin in ya zo zagaye. Masu kwanon sarki kuma a ba su hanya tasu ta hawa wadda ba kowa ke aiki a samanta ba, a rufa mata katako a inda ta bi ta gindin bango.

Ya tambaye ni raga fa. Na tambaye shi me ke bayan ginin ta gabas. Ya ce wani lungu ne da 'yan makarantar allo ke bi safe da yamma. Na ce to wannan ɓangaren kaɗai a yi masa raga da rumfa tun kafin a ɗora bulo na farko a hawa na biyu, sauran ɓangarori ukun da ke cikin katanga su jira.